Bayani a kan yunwar da ke kashe mutane alhali hatsi na kasuwa

 Karatunmu na yau mas'ala ce guda daga cikin ilmin da ake ce da shi tattalin arziki, watau sanin yadda dukiya ke samuwa da yadda take zagawa a tsakanin mutane. Mas'alar kuwa ita ce, ƙaƙa mutum zai mutu da yunwa a garin da buhunan gero ke jibge a kasuwarsa?

Ku fara riƙe asali guda. Farashin kowane abu yana tashi daga abu biyu, yawan abin da aka kawo kasuwa, da yawan masu nemansa da kuɗi a hannu. Ku lura da wannan ƙaidi, da kuɗi a hannu. Kasuwa ba ta jin kukan ciki. Mutumin da ya kwana uku bai ci ba, in ba shi da ko anini, to a lissafin kasuwa ba ya cikin masu nema, kuma ba wani falke da zai ɗaura wa jaki kaya dominsa.

Sa'an nan kayan kasuwa ba ɗabi'arsu ɗaya ba. In turare ya yi tsada, mutum ya bari sai wata sallar. In goro ya yi tsada, ya raba ƙwaya biyu ya ci rabi. Amma in gero ya yi tsada, mai gida ba shi da ikon ce wa iyalinsa ku dakata sai kaka. Tilas ya saya, ko da nawa ne. Saboda haka kasawa kaɗan a girbi ta kan haifi tsada mai yawa. Wani mutumin Ingila, sunansa Gregory King, ya yi wannan lissafi a kan hatsin ƙasarsu, aka buga shi a shekara ta 1699. Abin da ya samu shi ne, in girbi ya kasa da kashi 1 cikin 10, farashi ya kan ƙaru da kashi 3 cikin 10. In ya kasa da kashi 2, ƙarin ya kai 8. In ya kasa da kashi 3, ƙarin ya kai 16, watau abin da ake saye 10 ya koma 26. Wannan adadi na ƙasarsu ne da zamaninsu, amma duk wanda ya taɓa awo a damina ya san ma'anarsa.

To, yanzu ku juyo ga mai saye. Kowane mutum yana da abin da ya ke musanyawa da hatsi. Makiyayi akuyarsa, ɗan ƙwadago ƙarfin damtsensa, masaƙi zanensa, wanzami askarsa, masunci kifinsa. Abin da ya kamata a tambaya a kowace shekara shi ne, akuya guda tiya nawa ta ke sayowa? Yinin ƙwadago tiya nawa? A shekarar wahala wannan ma'auni ya kan lalace ta gefe biyu a lokaci guda. Gero na hawa, akuya kuwa na faɗuwa, domin ta rame, kuma kowa ya koro tasa kasuwa rana ɗaya. Ladan ƙwadago na faɗuwa, domin masu neman aiki sun fi gonakin da za a nome. Wanzami kuwa ya yini a gindin bishiya ba wanda ya zo, gama wanda ba shi da na tuwo ba ya biyan aski. Ga shi wanzamin nan fara ba ta ci masa ko zangarniya ɗaya ba, ba shi ma da gona, amma yana cikin waɗanda za su fara faɗuwa.

Wanda ya shahara da warware wannan mas'ala wani masani ne mutumin Indiya, Amartya Sen, a littafinsa na 1981 a kan talauci da yunwa. An ba shi kyautar Nobel a 1998. Yana yaro ya ga yunwar Bangal ta 1943 da idonsa, wadda ta kashe mutum tsakanin miliyan 2 da miliyan 3. Lokacin ana tsakiyar yaƙin Hitila, Ingilishi ke mulkin Indiya. Japan ta kama Bama a 1942, ƙasar nan da aka kai sojojinmu yaƙi, sai shinkafar da ke zuwa Bangal daga can ta yanke. Hukuma ta karɓe jiragen ruwan mutanen bakin teku don kada abokan gaba su amfana da su, masunta da masu dako suka rasa sana'a. Kuɗin yaƙi ya kwarara cikin birnin Kalkata, ma'aikata da sojoji suna saye da hannu biyu, shinkafa ta ninka, ta sake ninkawa, ladan ɗan ƙwadagon ƙauye kuwa bai bi ta ba. Da Sen ya bi lissafin abincin, sai ya ga wanda ke Bangal a 1943 ya fi na 1941 yawa, alhali a 1941 ba a yi yunwa ba. Waɗansu masana sun yi masa jayayya, sun ce cutar da ta kama shinkafa ta rage girbi fiye da yadda ya ƙiyasta. Amma ba wanda ya yi jayayya a kan waɗanda suka mutu: marasa gona ne, da masunta, da masu ƙananan sana'o'i.

Kada ku ce wannan labarin nesa ne. Ku dubi Nijar a 2005. A daminar 2004 ruwa ya ɗauke da wuri, fara kuma ta sauka a waɗansu wurare, girbi ya kasa da wajen kashi 1 cikin 10 bisa yadda aka saba. Wannan ba kasawar da za ta ƙarar da abincin ƙasa ba ce. Amma a shekarar hatsi ya yi tsada a Nijeriya ma, har manyan kasuwanni irin Dawanau ta Kano suna janye shi zuwa kudu maimakon su tura shi arewa, waɗansu maƙwabta kuma suka hana fitar da nasu. Kafin tsakiyar damina buhun gero ya kai wajen jaka 30 na sefa a waɗansu kasuwanni, abin da ya kusa ninki uku na farashin kaka. Ciyawa ta yi ƙaranci, dabbobi suka faɗi warwas. Abin mamaki kuwa, inda yara suka fi tagayyara shi ne jihar Maraɗi, wadda ake ƙirgawa cikin rumbunan ƙasar, garin fatake da alhazai. Ƙungiyar likitoci marasa iyaka ita kaɗai ta yi jinyar yara wajen 60,000 masu tsananin tamowa a shekarar. Kasuwannin Maraɗi ba su rasa gero ba ko rana ɗaya.

Me ya sa ƙasar noma ta fi shan wuya? Domin a can mutane sun yi yawa, gonaki sun tsattsage, gidaje da dama abin da suke nomawa ba ya kai su bazara. Ƙaramin manomi da kaka mai sayarwa ne, da damina mai saye. Ya sayar da arha lokacin da kowa ke sayarwa, domin biyan bashi da biki da sutura, sa'an nan ya sayo hatsin nan nasa da tsada. In rumbu ya ƙare ana tsakiyar noma, sai ya tafi ƙwadago gonar mai hali don ya samo tiyar yau, tasa gonar kuwa ciyawa ta cinye ta. Ko ya karɓi ba-da-kaka, dami guda ya biya biyu. Baɗi ya shigo da rumbun da ya fi na bana ƙanƙanta. Ta wannan hanya talauci ke haifar ɗansa, ba don lalaci ba, gama mutumin nan ya fi kowa shan rana.

Yanzu ga maganar hukuma, kuma nan ne kuskure ke da tsada. Gwamnatin Nijar ta shugaba Mamadu Tanja ta shigo 2005 da ɗora harajin kashi 19 cikin 100 a kan fulawa da madara da sukari da ruwa da lantarki, har mutane suka rufe kasuwanni suka fito zanga-zanga a watan Maris, aka janye mafi yawansa. Game da hatsi kuwa, da ita da masu ba ta taimako suka zaɓi sayarwa da rangwame, suna tsoron kada rabon kyauta ya ɓata kasuwa. Tsoron yana da asali, gama hatsin kyauta in ya zo daidai da kaka ya kan karya farashin manomi. Amma rangwame amfaninsa ga mai rabin kuɗi ne. Wanda ya riga ya sayar da akuyarsa ta ƙarshe, ko an ce buhu ya koma sulusin kuɗinsa, bai matso kusa da shi ba. Ba a soma rabon kyauta sosai ba sai da damina ta yi nisa, bayan hotunan yaran sun zaga duniya, shugaban kuwa har a lokacin yana musun cewa yunwa ake yi. Kakanninmu na Kano sun ga irin wannan. Jirgin ƙasa ya fara aiki a 1912, gyaɗa ta yi kuɗi, haraji ya koma na tsabar kuɗi, sai ga farin 1913, sai yunwar 1914 wadda ake ce da ita Kakalaba. Mutum ya sayar da hatsi don ya biya haraji, ya wayi gari ba hatsi ba kuɗi. Ku gwada wannan da abin da aka ruwaito daga Sayyidina Umar a shekarar toka, 18 bayan Hijira. Ya aika wa gwamnoninsa aka kawo abinci daga Sham da sauran wurare, ya ciyar da waɗanda suka taru a Madina, ya kuma jinkirta karɓar zakka har aka sami sauƙi.

Abin da talakawa suka fi kira da shi in tsada ta zo shi ne, sarki ya yanka farashi, a kuma fasa rumbunan masu ɓoyo. Ni ina ganin a nan a yi hattara. In aka tilasta a sayar da tiya ƙasa da yadda falke ya sayo ta, gobe ba zai kawo ba, zai karkata akalarsa zuwa garin da ba doka. Hatsin da ke nan kuma ya bar rumfa ya koma zaure, ana sayar da shi da dare ga wanda aka sani, da tsadar da ta fi ta da. An gwada wannan a Bangal, an kuma hana hatsi ƙetare iyakar larduna, abin ya ƙara muni. Malamanmu na Malikiyya tun da daɗewa sun bambanta jalibi, mai kawo abinci daga wani gari, wanda ba a yanka masa farashi, da muhtakiri, mai kwashe abin da ke kasuwar gari ya ƙulle don ya ƙuntata wa mutane. Na biyun a tilasta masa ya fitar. Amma wanda ya saya da kaka lokacin yalwa ya ajiye zuwa damina, shi ma wani irin jalibi ne, daga wata zuwa wata ya ke kawowa, kuma sayensa na ɗaga wa manomi farashin kaka. Illar tana zuwa ne in masu ajiyar ba su fi uku ko huɗu a gari ba, bakinsu kuma ɗaya.

Akwai misalin da aka yi daidai. A jihar Maharashtara ta Indiya an yi fari mai tsanani a 1972 zuwa 1973, girbi ya faɗi ƙwarai. Hukuma ta buɗe ayyuka, gyaran hanya da fasa dutse da haƙar tafkuna, duk wanda ya zo a ba shi aiki a biya shi kuɗi. A ƙarshen rani mutum kusan miliyan 5 ke wannan aiki. Da kuɗi ya shiga hannun mayunwata, sai suka koma cikin masu nema a lissafin kasuwa, fatake suka riƙa jawo hatsi daga maƙwabta da kansu. An sha wuya, amma ba a yi mutuwa irin ta Bangal ba. Hikimar aikin kuwa, mai hali ba zai zo fasa dutse a rana ba, saboda haka taimakon ya kan tace kansa ba sai an rubuta sunaye ba.

Sai dai wannan magani yana da sharaɗi. Kuɗi na jawo hatsi ne in hanya a buɗe ta ke, kuma akwai hatsi a wani wuri. In yaƙi ko 'yan fashi sun tare hanya, ko an rufe iyaka, to ƙara wa mutane kuɗi a kan buhu goma ɗin da ke gari ba abin da zai yi sai ɗaga farashinsu. A irin wannan hali hatsin ne da kansa za a ɗauko a kai, daga rumbun hukuma, irin tanadin da Annabi Yusufu, alaihis salamu, ya yi wa Masar. Kuma yaron da tamowa ta riga ta kama, da tsoho, da mai jego, ba a ce musu su zo aiki.

Game da sayarwar kaka kuwa, tun wajen ƙarshen shekarun 1990 ƙungiyoyin manoma a Nijar suna wata dabara. Su tara hatsinsu a ɗaki guda mai kwaɗo biyu, makulli ɗaya a hannunsu, ɗaya a hannun mai ba da rance. Su karɓi kuɗi a kan jinginar hatsin, su yi sana'ar rani, su biya, sa'an nan a buɗe ɗakin lokacin da farashi ya tashi. Ƙarin da ake ɗorawa a kan rancen mas'ala ce da ke jiran malamai su zauna su nemo mata fuska ta halal. Haka kuma a shekarar da farashi bai tashi ba, mai ajiya ya kan fita da hasarar kuɗin ɗaki da na maganin ƙwari, wannan ma a faɗa wa manomi tun kafin ya kawo buhunsa.

Nan karatun ya tsaya.