Hanyar Kan Dutse da Katin Ɗan Kasuwa: Jawabin Kwamitin Hanyoyi a Bikin Zagayowar Ranar Kafa Ƙungiya

 

Ranka ya daɗe Sarkin Hausawa, mai girma shugaban ƙungiya, iyayenmu malamai, Alhazai da Hajiyoyi, fatake da dillalai, da 'yan'uwanmu direbobi da suka bar motoci a tasha suka zo, muna yi muku barka da zuwa. Allah Ya jiƙan dattawan da suka kafa wannan ƙungiya suka riga mu gidan gaskiya, Ya jiƙan waɗanda ajali ya riska a kan hanya wajen neman halali.

Kwamitin hanyoyi ba zai taɓa maganar kuɗi ba, ma'aji na nan tafe da littafinsa. Magana ɗaya muka zo da ita, kuma muna son a yanke shawara a kanta yau kafin a watse.

Kwanakin baya wani bidiyo ya yi ta yawo a zaurenmu na WhatsApp: samari a kan babura, sanye da rigunan sanyi, suna ɗaukar hoto a gaban wani allo a kan tsauni a ƙasar Indiya. Wani Alhaji daga cikinmu ya rubuta a ƙasa cewa, su can ga soja ga iyaka ga rikici, amma an bar farar hula suna hawa har ƙoli, mu kuwa a nan ɗan tudun da jaki ke hawa ba haki sai a ce mana mu juya. Mutane da yawa suka goyi bayansa. Mu ma tambayar ta tsaya mana a rai, shi ya sa muka bi diddiginta.

Wurin da ke cikin bidiyon sunansa Umlin La, a yankin Ladak, dab da iyakar Indiya da Chana. Tsayinsa mita 5,798 daga doron teku. Don a gane, Cappal Waddi, wanda ya fi kowane dutse tsawo a Najeriya, can wajen Mambila kusa da iyakarmu, mita 2,419 ne, duwatsunmu na Mandara kuwa ba su kai mita 1,500 ba. Iskar da mutum ke shaƙa a Umlin La kusan rabin ta bakin teku ce, har injin mota ma ƙarfinsa raguwa yake yi. Hukumar gina hanyoyin iyaka ta Indiya, wadda ke ƙarƙashin ma'aikatar tsaro, ita ta shimfiɗa kwaltar, kuma a 2021 aka sa ta a littafin Guinness a matsayin hanyar mota mafi tsawo a duniya a lokacin. Shekara guda kafin haka, a watan Yuni na 2020, a kwarin Galwan na wannan yanki na Ladak ɗin, sojojin ƙasashen biyu suka yi arangama, sojan Indiya 20 suka mutu.

Alhaji ya yi gaskiya, farar hula na hawa. Amma abin da bidiyon bai nuna ba shi ne shingayen da ke ƙasa, inda ake tsayar da mutum a duba takardunsa a rubuta sunansa da lambar abin hawansa, baƙon da ba ɗan ƙasa ba kuma sai da izini na musamman yake shiga irin waɗannan yankuna. Don soja aka gina hanyar, aka ara wa farar hula. Sannan waɗancan samarin 'yan yawon buɗe ido ne. Ba sa tsallaka iyaka, ba sa ɗauke da buhu ko ɗaya. Ba su ne 'yan'uwanmu ba.

'Yan'uwanmu na can gabas, a wata mashiga da ake kira Natu La, tsakanin jihar Sikim ta Indiya da Tibet, a tsayin mita 4,310. Tsohuwar hanyar fatake ce. Ayarin alfadarai kan sauko da ulu daga Lasa zuwa garin Kalimpon, su koma da kayan masarufi, kamar yadda kakanninmu ke bin hanyar Gwanja da jakuna don goro. A 1962 yaƙi ya ɓarke tsakanin Indiya da Chana, aka rufe mashigar. A 1967 ma aka sake gwabzawa a daidai wurin. Ta zauna a rufe shekara 44. Ku lissafa: saurayin da ya yi fataucinsa na ƙarshe a can yana ɗan shekara ashirin da biyar, sai da ya kusa saba'in kafin ya ga an sake buɗe ta, in ma Allah Ya ja kwanansa.

Ran 6 ga watan Yuli na 2006 aka buɗe, bayan yarjejeniyar da aka ƙulla lokacin ziyarar firaministan Indiya Vajpayee a Chana a 2003. Yadda aka buɗe ɗin shi ne abin da muke so ku saurara da kyau. Ba a ce kowa ya zo ya wuce ba. 'Yan kasuwar Sikim da aka yi wa rajista aka ba katin ciniki, su ne ke tsallakawa. An ware kasuwa ɗaya a kowane ɓangare, Sheratan a gefen Indiya, Rincingan a gefen Tibet. Ranakun ciniki huɗu ne a mako, Litinin zuwa Alhamis, a je da safe a dawo kafin dare. Da sanyi ya shigo ƙanƙara ta rufe hanya, sai a tsaya sai wata shekara. Kayan da aka yarda da su ma a rubuce suke: iri 29 daga Indiya, irin su shayi da shinkafa da barguna da kayan yaji, iri 15 daga Chana.

Soja bai bar dutsen ba, rikicin iyaka bai ƙare ba, amma motar ɗan kasuwa ta wuce. Abin da ya sa ta wuce shi ne wanda ke riƙe da bindiga a shinge ya san wane ne zai zo, wace rana, ɗauke da mene ne.

Ba za mu ɓoye muku aibin tsarin ba, don daga nan ne darasin ya fi yawa. Waɗanda suka rubuta jerin kayan a ofis sun rubuta shi kamar har yanzu ana zamanin alfadarai: ulu, fatun awaki, gishiri, dawakai, har da wutsiyar yak, wato wata irin saniyar tsauni mai gashi. 'Yan kasuwa suka yi ta kukan cewa ba abin da masu saye ke nema ke nan ba. Sai a 2012 aka ƙara tufafi ɗinkakku da takalma da darduma. Shekara shida ana ciniki da jerin da ba ɗan kasuwa ne ya rubuta ba. Kuma katin bai hana rufewa ba. A 2017 da sojojin ƙasashen biyu suka yi cirko-cirko a Doklam, ciniki ya tsaya. A 2020 annobar korona ta zo aka rufe gaba ɗaya, aka shafe shekaru a haka.

A Pakistan ma akwai makamancin wannan, a mashigar Kunjerab mai mita 4,693, inda mazauna yankin iyaka ke shiga Chana da katin iyaka. A can ba soja kaɗai ke rufe hanya ba. A watan Janairu na 2010 dutse ya zaftare a Attabad ya toshe kogi, ruwa ya shanye wani yanki na babbar hanyar, 'yan kasuwa suka koma sauke kaya daga mota su loda a kwale-kwale su sake lodawa a wata motar, har zuwa 2015. Direbobinmu da suka san abin da damina ke yi wa gangaren Bukula za su gane wannan ba tare da an yi musu bayani ba.

Mu dawo gida. Hanyoyinmu na kan dutse kun san su kamar yunwar cikinku: ta Gidar zuwa Bukula zuwa Mubi, ta Mokolo zuwa Mogode da Rumsiki, da wadda ta hau Turu tana kallon Gwoza da Madagali. Ba mu da ƙanƙara, ba mu da ƙarancin iska. Abin da muke da shi ya fi su ɗaci. Tun 2014, shekarar da Mubi ta faɗa hannun 'yan Boko Haram a ƙarshen watan Oktoba, babu wanda ya sake hawa dutsen nan da kwanciyar hankali irin ta da. An hana babura a wurare da dama, kasuwanni sun mutu, wasu daga cikin waɗanda ke zaune a nan sun sayar da mota sun ci. Daga watan Agusta na 2019 har ƙarshen 2020 Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa, wasu ƙofofin ma suka daɗe bayan haka. Yanzu alhamdu lillahi ana tafiya, amma tafiya ce ta sa'a. Yau ka wuce, gobe ka tarar an canza mutanen shinge, sabon da ya zo bai san ka ba.

A bara motar ɗaya daga cikinmu, mu 'yan kwamiti, ɗauke da dankalin turawa na Mogode, ta kwana uku a wani shinge. Takardun duwan cikakku ne. Ba a nemi ko sisi ba, kada wani ya ce cin hanci ne. Jami'in cewa ya yi shi bai san direban ba, bai san mai kayan ba, kuma ba shi da wanda zai tambaya. Kafin a samu wanda ya tsaya mana, rana ta gama da rabin kayan. Mun yi fushi a lokacin. Da muka huce muka sa kanmu a matsayinsa. Yaro ne da aka kawo daga kudu, bai jin Hausa bai jin Fulatanci, an gaya masa mutanen da ke ɓoye a cikin duwatsu da fetur da taki da gari da batura suke rayuwa, kuma duk da mota ko babur ake kai musu. Ya ga mota ta tunkaro shi da magariba. Da me zai bambance mu da su?

Shawarar da muka kawo ke nan. Ƙungiya ta buɗe rajistar masu bin hanyoyin dutse. Kowane mamba a rubuta sunansa, lambar katinsa na ɗan ƙasa, lambar mota, sunan direba da yaran mota, irin kayan da yake ɗauka, da hanyar da yake bi. Mutum biyu daga cikin ƙungiya su tsaya masa. A ba shi kati mai hoto. Da wannan littafi a hannu za mu je wurin hukumomin mulki da na tsaro da duwan, takwarorinmu na Mubi su yi haka a nasu ɓangaren, mu nemi ranakun wucewa tsayayyu da za su dace da ranakun kasuwa.

Kuma za mu nemi abin da mutanen Natu La ba su samu ba da farko. Jerin kaya da mu za a rubuta shi, a kuma duba shi duk shekara. Kwafin rajista ya zauna a shinge, ba a aljihun jami'i ba, don in an canza shi wanda ya gaje shi ya tarar da shi. In za a rufe hanya, a ba mai albasa da mai tumatir da mai shanu da suka riga suka hau dutse damar sauka. Sannan kada katin ya zama na masu manyan motoci kaɗai. Iyayenmu mata da ke ɗaukar kaya a ka zuwa kasuwar ƙetare, da maƙwabtanmu Kapsiki da Mafa waɗanda duwatsun nan gidansu ne tun kafin a ja layin iyaka, dole a yi musu hanya, ko da ba 'yan ƙungiya ba ne. In muka samu kati su aka bar su a baya, mun zama mu ne sabon shinge.

Mun ji abin da ake faɗa a tasha, kuma gara mu faɗe shi a nan da kanmu. Wasu na cewa rajista tarko ce, yau a rubuta sunanka don tsaro, gobe mai haraji ya zo da littafin. Ba za mu rantse muku hakan ba zai faru ba. Abin da za mu ce shi ne kowa ya ɗauki alƙalami ya lissafa abin da ya yi asara a shinge cikin shekara uku da suka wuce, ya ajiye kusa da harajin da yake tsoro. Wasu kuma, kuma tsoronsu ya fi na farko nauyi, na cewa in littafin ya faɗa hannun masu garkuwa da mutane, mun rubuta musu jerin waɗanda za su ɗauka. Saboda haka muka ce ba za a rubuta jarin kowa ba, ba za a rubuta unguwa ko ƙofar gidan kowa ba, kuma ba za a tura rajistar ta waya ba.

Akwai na uku da ba a faɗa da ƙarfi. Kati ba zai yi daraja ba sai ƙungiya ta yarda ta ƙwace shi daga hannun duk wanda aka kama yana kai wa mutanen daji kaya, ko ɗan wane ne, ko ƙanin wane ne. Wake ɗaya shi ke ɓata gari. Ranar da aka tarar da jarkokin da ba a rubuta ba a ƙarƙashin buhunan mai kati, ranar katin kowa ya zama takardar banza. Wanda zai tsaya wa wani ya san da sunansa yake tsayawa. In ba za mu iya wannan ba, to kada mu ɓata kuɗin buga kati.

Bayan sallar Azahar shugaba zai sa a ɗaga hannu. In shawarar ta samu rinjaye, magatakarda zai zauna da littafi a teburin da ke bakin ƙofa har La'asar, sannan kowace Asabar a ofis. A zo da katin ɗan ƙasa, takardun mota, hoto biyu, da mutum biyun da za su tsaya. Matan da ba su samu zuwa yau ba, Hajiyoyin kwamiti za su bi su gida da littafin.