Ɗaurewar Jijiyar Ƙafa: Dalilanta da Maganinta
(Jawabin da aka gabatar a taron ƙungiya na shekara-shekara)

 

Zan yi magana ne a kan abin da na ɗanɗana da kaina. Wani dare, bayan na wuni a mota daga Legas, na farka sharaɓata ta ɗaure tamau kamar dutse, na kasa ko taka ƙasa. Na san da yawanku mazauna birni kun san wannan azaba.

Abin da ke faruwa shi ne tsoka ce take takurewa da kanta, ta ƙi saki, daga 'yan daƙiƙoƙi har zuwa minti 10. Dalilanta sun haɗa da dogon zama a ofis ko mota, da gajiyar da tsoka ba ta saba da ita ba, da yawan gumi ba tare da shan ruwa ba, da tsufa, da juna biyu a watannin ƙarshe. Haka nan ciwon suga, da ciwon ƙoda, da magungunan hawan jini masu sa fitsari.

Idan ta kama mutum, sai ya miƙe ƙafar, ya jawo yatsun zuwa wajen ƙwauri har tsokar ta saki, sannan a murza a hankali, a gasa da ruwan ɗumi. Rigakafinta kuwa shi ne tattaki kullum, da miƙa sharaɓa kafin kwanciya, da wadatar da jiki da ruwa, musamman tsakanin buɗa-baki da sahur.

Ina gargaɗinmu da abubuwa uku. Kada a sha kwinin saboda ita. A 2010 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta yi kashedi cewa yana iya jawo mummunar cutar jini. Kada mai ciwon suga ya yarda a yi masa tsaga ko ƙaho a ƙafa, domin rauninsa ba ya saurin warkewa. Kuma kada mai hawan jini ya bar maganinsa sai da izinin likita.

Amma in ƙafa ɗaya ta kumbura ta yi zafi, a garzaya asibiti a ranar, domin mai yiwuwa jini ne ya daskare a jijiya. Wanda kuma ƙafa ke yi wa ciwo in yana tafiya, ta lafa in ya tsaya, shi ma ya ga likita.