Ritaya a waje ko a gida? Magana ga iyayenmu da mu kanmu

  Iyayena, malamaina, yayyena da ƙannena, ina neman afuwa da na tsaya magana gaban manya. Shugabannin ƙungiya ne suka ce ɗalibai ma su tofa albarkacin bakinsu.

Akwai wata magana da ta yawaita a bakin ma'aikatanmu da suka kusa ritaya, ƴan wannan yanki da ke aiki a Diffa, Damagaram ko Yamai. Sai ka ji mutum ya ce: "Ni dai in na aje aiki, Madina zan koma, ko wata ƙasa da ake da tsari. Ƙasar nan mai kuɗi ke da ita." Wannan magana ce nake son mu duba.

Da farko, ɓacin ransu yana da dalili. Bayan Taron Ƙasa na 1991 mun yi ta zaɓe na jam'iyyu da yawa, kuma kowa a nan ya san yadda kamfe ya riƙa zuwa karkara: mota cike da shayi da sukari da atamfa, a raba jika biyu-biyu, sai kuma wani zaɓen. A zaɓen 2020, kuɗin ajiya na neman shugaban ƙasa kaɗai miliyan 25 ne na sefa, kafin a sayi man mota ko lita guda. Malamin lakol ina zai samo su? A shekarar dai, binciken ma'aikatar tsaro ya ambaci miliyar 76 da suka salwanta wajen sayen kayan soja, alhali tun harin Bosso da Diffa na 6 ga Fabrairu 2015 jama'armu ke cikin dokar ta-ɓaci. Man Agadem a jiharmu ake haƙo shi, ana tace shi a Damagaram tun 2011, amma makiyayi na nan yana kwana bakin rijiya yana jiran layi. Wanda ya ce ya gaji, ba ƙarya ya yi ba.

To amma mu yi lissafin tafiyar, tunda shiri ake. Izinin zama na dindindin da Saudiyya ta fito da shi a 2019, riyal 800,000 ne, wato sama da miliyan 100 na kuɗinmu. Bizar umara kuwa ƙarewa take; wanda ya zarce kwanakinsa ya zama mai ɓuya, tsoho da furfura yana gudun ƴan sanda har a kamo shi a maido shi. Fanshon da CARENI ko CNSS ke biya da sefa ne, haya da asibiti a can kuma da riyal ko yuro. Iyayenmu sun tuna Janairun 1994, da aka wayi gari darajar sefa ta ragu da rabi. Wanda ke zaune waje da fanshon gida, rana guda irin wannan ta isa ta tsiyata shi.

Kun ga abin da lissafin ya nuna? Mai gaskiya da ya rayu kan albashinsa, da wuya ya iya tafiyar. Wanda ke da halin sayen gida a Dubai ko Kazablanka, sau da yawa shi ne wanda ya ci kwangilar da ba a yi ba. Ashe mafarkin da mutumin kirki ke yi don gudun ɓarna, mai ɓarnar ne ke iya cika shi.

Barin ƙasa saboda ƙin mulkin da ba a yarda da shi ba, ba sabon abu ba ne wajenmu. A 1903 Sarkin Musulmi Attahiru ya kama hanyar gabas bayan Turawa sun ci Sakkwato, aka kashe shi a Burmi. Ɗansa Mai Wurno ya ƙarasa da jama'a har Sudan, garin da suka kafa yana nan da sunansa. Jikokinsu na can, kuma yaƙin da ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023 ya same su kamar kowa. Babu ƙasar da Allah ya rubuta mata zaman lafiya har abada. Shugabanninmu ma, Diori Hamani a Rabat ya rasu a 1989, nesa da gida. Tandja Mamadou kuwa, ko me mutum ke gani game da tazarce, a ƙasarsa ya rasu a Nuwamban 2020, aka kawo shi Maine-Sorowa aka yi masa sutura cikin danginsa.

Yanzu bari in juyo kanmu, matasa. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ƙuri'a ba ta sayuwa sai da mai sayarwa, kuma mu ne ake ɗauka haya mu cika fili mu yi ihu. Malamanmu sun karantar da mu cewa tsinuwar cin hanci ta haɗa mai bayarwa da mai karɓa. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski: wanda ya karɓi jika biyu ba ya da bakin tambayar ina kuɗin rijiya suka shiga. An rushe jam'iyyu a Maris 2025, amma hali ba ya rusuwa da takarda. Mai kuɗi zai sami wata ƙofa, ko wajen rabon tallafi, ko wajen kwamitin rijiya, ko ma wajen zaɓen shugaban ƙungiya irin tamu.

A nan ne muke bukatar iyayenmu. Ma'aikacin da ya yi ritaya, ba mai iya yi masa barazanar canjin wurin aiki ko hana shi ƙarin girma. A rayuwarsa duka, yanzu ne ya fi ƴancin faɗin gaskiya. Ya san yadda ake karanta kasafin kuɗin ƙaramar hukuma, ya san abin da ake kashewa a gina aji guda. Tsohon malamin dabbobi, tsohuwar ungozoma, tsohon akanta, in suka zauna a N'Guelbély ko Foulatari, ɗan kwangila zai yi tunani kafin ya kawo rabin aiki ya ce ya gama. In suka tafi, wa zai duba?

Saboda haka ina da shawara uku ga ƙungiya. Na ɗaya, mu rubuta sunayen ƴan yankinmu da suka yi ritaya ko suka kusa, mu je mu gaishe su, mu roƙe su ko wata uku a shekara su yi a gida. Na biyu, mu nemi su koya mana karatun kasafi da bin sawun ayyuka, mu riƙa zuwa duk zaman da doka ta buɗe wa jama'a. Na uku, kowane mamba ya ɗauki alkawari gaban ƴan'uwansa cewa ba zai karɓi ko dala ba don goyon bayan wani, a cikin ƙungiya ko a wajenta.

Iyayena, ku je hajji, ku je umara, ku je neman magani inda ya fi. Son cikawa a Madina buri ne mai kyau, ba mai hana ku. Amma kowa ya bar gida, gida ya bar shi, kuma mu da za ku bari ba mu gama koyo ba. Allah ya ba mu shugabanni masu tsoronsa, ya dawo da zaman lafiya bakin Komadugu da tafkin Chadi, ya sa mu gama da duniya lafiya.