Kuskuren Ji da Gano Manufar Makaɗi a Ƙasar Gumel

Masarautar Gumel, wadda ta ƙunshi ƙananan hukumomin Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, mahaɗa ce ta harsuna da karuruwan Hausa, domin sarautarta ta Mangawa ce, tana iyaka da ƙasar Damagaram, kuma kasuwar Maigatari tana tara fatake da dillalan dabbobi daga Nijar da sassan Nijeriya kowace Alhamis. A irin wannan wuri waƙa tana shiga kunnuwan da ba don su aka yi ta ba, kuma nan ne tushen abin da ake kira kuskuren ji, wato mai sauraro ya riƙe kalmar da makaɗi bai furta ba, ko ya ɗora wa wadda ya furta ma'anar da bai nufa ba.

Dalili na farko yana cikin sautin kansa. Hausa tana bambanta kalmomi da karin sauti, wato hawa da saukar murya, da kuma tsawon wasali, alhali makaɗi yakan ja gaɓa ko ya datse ta don ta dace da kiɗa. Idan kotso ko kalangu ya danne muryar jagora, 'yan amshi kuma suka karɓe kafin ya dire, ƙaramar kalma irin "ba" ta korewa tana iya ɓacewa, zance ya juye gaba ɗaya. Matsalar ta ƙaru da yadda waƙoƙin suke isowa, domin abin da mai tura waƙa yake zuba wa direba a waya a bakin tasha sau da yawa an kwafo shi ne daga tsohon kaset, wanda shi ma daga rediyo aka naɗe shi.

Dalili na biyu shi ne karin harshe. Manyan makaɗan fada irin su Ibrahim Narambaɗa da Salihu Jankiɗi da Musa Ɗanƙwairo da Hausar yamma suka yi waƙa, inda "ɗiya" kan nufi 'ya'ya baki ɗaya, "kwana" kuma kan nufi barci, saboda haka mutumin Gagarawa zai iya jin kowace gaɓa daidai amma ya fahimci wani abu dabam.

Dalili na uku, wanda ya fi sauran zurfi, shi ne makaɗi da gangan yake lulluɓe zance. Habaici suka ne da ba a kama suna, zambo kuwa muzanta abokin hamayyar ubangida ne ta hanyar siffanta shi, sau da yawa da wata dabba ko wata tawaya. Wanda yake zaune a fada ranar da aka yi waƙar ya san ɗan sarkin da ake nufi da kuma takarar sarautar da ta jawo maganar, amma jikansa da ya ji ta bayan shekara 60 dabbar kawai yake gani. Haka ma waƙoƙin Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, suke cike da sunayen garuruwa da mutane da laƙubba waɗanda baƙon kunne yakan mayar da su kalmomin da ya saba da su.

Masana sun shimfiɗa hanyar warware wannan. Ɗandatti Abdulƙadir ya yi nazarin digirinsa na uku a kan Shata a 1975, Sa'idu Muhammad Gusau kuma ya daidaita kalmomin nazari irin su turke, wato babban saƙon da waƙa ta ɗauru a kai, da gindin waƙa, wato layin da ake maimaitawa. Ƙa'idar ita ce a fara gano turke da wanda aka yi wa waƙar da lokacin da aka yi ta, a kwatanta naɗi biyu ko uku domin makaɗin baka ba ya maimaita waƙa kalma da kalma, sannan a kai abin da ya shige duhu ga 'yan amshi da maroƙa da dattawan fada.

Wannan aiki ya fi gaggawa a kan kirari da taken sarakunan Gumel da waƙoƙin noma da na daka na ƙauyukan Sule Tankarkar, waɗanda ma'anarsu take a ƙirjin tsofaffi. Ɗaliban Hausa na Kwalejin Ilimi ta Gumel su ne mafi kusa da waɗannan dattawa, kuma hakki ne a kansu su naɗi waƙar, su rubuta ta da karin da aka rera ta, su kuma rubuta bayanin wanda ya san dalilinta tun yana raye.