MATA A GIDAN YARI: HANYOYIN DA ƘASASHE SUKA BI, DA WADDA TA DACE DA BARNO

Wannan shi ne cikakken bayanin wata lacca da aka yi a Maiduguri a kan sha'anin matan da ke tsare. An buga ta a wannan shafi domin ƙarshenta ya shafi 'yan Arewa mazauna Kudu.



Ran 10 ga watan Satumba na 2024, bayan ɓallewar madatsar ruwa ta Alau, ambaliya ta mamaye babban sashe na birnin Maiduguri. Cikin abubuwan da ruwan ya rusa har da katangar ɗaya daga gidajen yarin garin, inda hukuma ta ba da sanarwa cewa fursunoni 281 sun tsere. Kwana da kwanaki zancen da ya cika gari ke nan, har mutanen da ba su taɓa tunawa da gidan yari ba suka shiga tambayar su wane ne ke zaune a bayan irin wannan katanga, kuma yaya ake riƙonsu. To, a cikin mazauna gidajen yari akwai wani kashi da aka fi mantawa da shi ko da an zo irin wannan tambaya, watau mata.

Ƙarancinsu shi ya jawo haka. Ƙidayar da wata cibiyar bincike ta Landan ta fitar cikin 2022 ta nuna mata da 'yan mata fiye da 740,000 ne ke tsare a duniya, watau wajen kashi 7 cikin 100 na dukan fursunoni, ko da yake yawansu ya ƙaru da kusan kashi 60 cikin 100 tun daga shekarar 2000. A Nijeriya kuwa ba su wuce wajen kashi 2 cikin 100 ba. Saboda haka ginin gidan yari, da tsarin abinci, da asibiti, da sana'o'in da ake koyarwa, duk da maza aka auna su. A mafi yawan jihohi wani ɗan lungu ake killacewa a cikin gidan maza a ce nan ne sashen mata. Alhali mace tana zuwa da buƙatun da ba a yi ginin dominsu ba. Wata da ciki take shigowa, wata da goyo, wata kuma ta baro 'ya'ya a gida ba mai ciyar da su.

ABIN DA AKA GADA

Kafin a duba ƙasashen waje, ya kamata a tuna cewa wannan mas'ala ba baƙuwa ba ce ga malaman wannan ƙasa. Littafin Muhtasar na Shaihu Halilu, wanda aka daɗe ana karantawa a zaurukan Barno da ƙasar Hausa, ya nuna cewa in ta kama a tsare mace, a hannun amintacciyar mace ake ajiye ta. Haka kuma labarin matar nan Bagamidiya sananne ne a wurin ɗalibai, yadda Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya jinkirta hukuncinta har ta haihu, sa'an nan har ta yaye ɗanta. Ka'idoji biyu ne suka fito fili a nan. Mace ce ke tsaron mace, kuma ba a ɗora wa jariri laifin uwarsa.

A zamanin En'e kowace babbar masarauta tana da kurkukunta a ƙarƙashin Yari, daga nan ne ma aka sami sunan gidan yari. Cikin 1968 Gwamnatin Tarayya ta karɓe su duka ta haɗa a ƙarƙashin hukuma guda. Tun daga lokacin, shawarar yadda za a riƙa macen da aka tsare a Maiduguri daga babban birnin tarayya take fitowa. Abin tambaya shi ne wace hanya ya kamata a bi, domin ƙasashen duniya sun gwada hanyoyi uku.

HANYA TA FARKO: GIDA NA DABAM

Hanya ta farko ita ce a raba mata da maza gaba ɗaya. Ingila ce ta yi suna a kanta. Cikin 1813 wata baiwar Allah mai suna Elizabeth Fry ta ziyarci kurkukun Newgate a Landan, ta iske mata da 'ya'yansu cunkushe cikin ƙazanta. Fafutukarta ta taimaka aka kafa dokar 1823 wadda ta wajabta a ware mata, kuma gandirobobi mata su riƙa tsaronsu. Nijeriya ta bi wannan sawu da gidan mata na Kirikiri a Ikko, wanda aka gina cikin 1963. Shekaru masu yawa shi kaɗai ne irinsa a ƙasar, sai daga baya aka keɓe wani a Ondo da wani a Numan ta Jihar Adamawa.

Amfanin wannan hanya a fili yake, domin tana kare mutuncin mace, tana kuma ba da damar tara ungozoma da malamai a wuri guda. Amma tana da aibi babba, shi ne nisa. Tun da matan kaɗan ne, gidajen ma kaɗan ne, sai a ɗauke mace a kai ta inda danginta ba su da kuɗin motar zuwa. Tsakanin Maiduguri da Ikko akwai fiye da kilomita 1,500. Ita kanta Ingila ta ga iyakar wannan hanya. Bayan mata shida sun mutu a kurkukun Styal tsakanin 2002 da 2003, gwamnati ta sa Baroness Corston ta yi bincike, rahotonta na 2007 kuwa ya ba da shawarar a maye gurbin manyan kurkukun mata da ƙananan gidaje kusa da garuruwansu. An rufe babban kurkukun mata na Holloway cikin 2016, amma sai aka kwashe matan zuwa wasu gidaje a wajen birnin Landan, ziyara ta ƙara wuya ga iyalai da dama.

HANYA TA BIYU: UWA DA ƊANTA A CIKI

Hanya ta biyu ita ce a bar uwa da jaririnta a cikin gidan, a gyara wurin gwargwadon hali. Kurkukun Bedford Hills da ke Jihar New York ta Amurka yana da ɗakin renon jarirai tun 1901. Inda ƙasashe suka saɓa shi ne lokacin rabuwa. A Ingila wata 18 ne aka saba, haka ma ƙa'idar gidajen yarin Nijeriya. A Kenya yaro na iya zama da uwarsa har shekara 4, a Indiya kuwa, bisa hukuncin Kotun Ƙoli na 2006, har shekara 6.

Kowane ɓangare yana da hujja. Mai cewa a raba da wuri yana gudun kada yaro ya yi wayo a bayan katanga, bai san kasuwa ba, bai san dandali ba. Mai cewa a jinkirta yana duban cewa nono da ɗumin uwa ba su da madadi, musamman inda dangi talakawa ne. A wannan ƙasa, inda uwaye da yawa ke shayarwa har kusan shekara 2, wata 18 na iya cika yaro bai kai yaye ba. Wannan saɓani na ƙasashe shi kansa shaida ne cewa ko wane lokaci aka yanke, yaron da bai yi laifin kome ba yana da rabonsa na wahala.

HANYA TA UKU: KADA A KAI TA CIKI

Daga nan ne wasu ƙasashe suka koma ga tushe, suka ce kafin a yi gardamar ɗakin reno, a fara tambaya ko dole ne a kulle wannan mata. A Afirka ta Kudu, cikin 2007, Kotun Tsarin Mulki ta saurari ƙarar wata uwa mai 'ya'ya uku da aka samu da laifin zamba. Alƙali Albie Sachs ya rubuta hukuncin cewa wajibi ne kotu ta duba makomar 'ya'ya kafin ta ɗaure wanda ke renonsu. Aka bar matar a gida a ƙarƙashin sa ido, da sharaɗin ta biya kuɗin da ta ci, ta kuma yi wa jama'a aiki. A Barazil, cikin Fabrairu na 2018, Kotun Ƙoli ta yi umurni a mayar da masu ciki da uwayen yara ƙanana da ke jiran shari'a zuwa ɗaurin talala a gidajensu, ban da waɗanda ake tuhuma da laifin da ya haɗa da nuna ƙarfi.

Majalisar Ɗinkin Duniya ta tattara wannan tunani cikin ƙa'idoji 70 da ake kira Ƙa'idojin Bankok, waɗanda ta amince da su a watan Disamba na 2010 bisa ƙoƙarin wata gimbiya ta ƙasar Tailan. Sun ce a ajiye mace kusa da gida, mace ce za ta caje ta, kada a sa mata ankwa lokacin naƙuda, kuma a fifita hukuncin da ba na kulle ba ga mai ciki da mai ƙananan 'ya'ya in laifin ba mai tsanani ba ne. Yarjejeniyar Afirka ta kare haƙƙin yara ta 1990 ta riga ta faɗi kusan haka a sashe na 30.

DARASIN MAIDUGURI

Maiduguri ta ɗanɗana wannan mas'ala ta fuskar da ta fi ta Ingila da Barazil tsanani, domin rikicin Boko Haram ya sa an tsare mata da yawa a hannun soja, ba tare da an kai su gaban alƙali ba, wasunsu saboda zargin da ake yi wa mazansu ko 'ya'yansu. A watan Mayu na 2013 Shugaba Goodluck Jonathan ya ba da umurni a saki matan da ake tsare da su kan wannan rikici, aka danƙa wasu da 'ya'yansu a hannun Gwamna Kashim Shettima. A watan Mayu na 2016 ƙungiyar Amnesty International ta ba da rahoton cewa mutum 149 sun mutu a Barikin Giwa a farkon wannan shekara, cikinsu har da yara 11 da ba su kai shekara 6 ba. Rundunar soja ta ƙi amincewa da rahoton. Daga baya aka riƙa kai mata da yaran da soja suka sallama cibiyar Bulumkutu, wadda Ma'aikatar Harkokin Mata ta jihar ta gudanar da taimakon UNICEF, kafin a sada su da danginsu.

Dokar ƙasa a yau ta yi magana a kan duk wannan. Dokar shari'ar laifuffuka ta tarayya ta 2015 ta hana kama wani a madadin wanda ake nema. Dokar Hukumar Gyaran Hali, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu cikin 2019, ta ce a samar wa mata wuri na dabam a kowace jiha, da ɗakin renon jarirai, da awon ciki, a kuma gwada kowace mace ko tana da ciki cikin kwana 14 da shigarta. Dokar ta kuma kafa sashen hukuncin da ba na kulle ba, kamar aikin yi wa jama'a hidima da sakin fursuna bisa sharaɗi. Daɗin daɗawa, gyaran tsarin mulki na 2023 ya ba jihohi ikon kafa gidajen gyaran hali nasu, saboda haka Majalisar Dokokin Barno tana da ta cewa, kuma wakilan jama'a ba su da uzurin jiran Abuja.

Abin da ya fi dacewa da Barno shi ne a sa hanya ta uku a gaba. Wajen mutum 2 cikin kowane 3 da ke gidajen yarin Nijeriya jiran shari'a suke yi, kotu ba ta same su da laifi ba tukuna. Macen da ake tuhuma da ƙaramin laifi, kamar faɗa da kishiya ko rigimar bashi, ta fi cancantar beli, ko sulhu, ko ɗaurin je-ka-gyara-halinka, musamman a jihar da yaƙi ya riga ya raba 'ya'ya da yawa da iyayensu. Wadda kuwa laifinta ya yi girman da dole a tsare ta, haƙƙin wanda ta zalunta bai faɗi ba, sai dai a tsare ta a wuri na dabam cikin jiharta, a hannun mata, inda uwarta za ta iya zuwa ta gan ta ta koma gida a yini guda.

SAƘO GA 'YAN'UWA A KURMI

Magana ta ƙarshe ta 'yan'uwa ce da ke zaune a Agege da Idi Araba, da Sabon Badun, da Shagamu, da Fatakwal. 'Yar Arewa da aka kama a can ita ce ta fi kowa shiga uku. Sau da yawa ba ta jin harshen da ake yi mata shari'a da shi, danginta suna nesa, kunya kuma takan hana ta aika musu. Ko alƙali ya ba da beli, sai an sami mai tsaya mata wanda kotu ta san mazauninsa, in ba a samu ba sai ta yi ta zama a ciki kan laifin da hukuncinsa bai kai kwanakin da ta riga ta yi ba.

Wannan aiki ne da sarakunan Hausawa, da limamai, da ƙungiyoyin 'yan kasuwa da na mata za su iya ɗauka. Su nemi izni su riƙa ziyartar Kirikiri da sassan mata na gidajen yarin garuruwansu, su rubuta sunayen 'yan Arewa da ke ciki, su sama musu tafinta, su kai ƙararsu ga ofishin ba da taimakon lauya kyauta na Gwamnatin Tarayya, sa'an nan dattijan da suka mallaki gida su yarda su tsaya wa wadda aka ba beli. In da jariri ya kusa cika wata 18, a nemo danginsa tun da wuri. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take, kuma ƙofar gidan yari tana cikin wuraren da ya kamata ƙafar ta kai.

Allah Ya kuɓutar da wadda aka tsare bisa kuskure, Ya shiryi wadda ta yi laifi, Ya raya 'ya'yansu. Wassalamu alaikum.