Giya Da Maganin Fargaba: Jawabin Wani Likita A Jikwoyi

Wani likitan ƙwaƙwalwa ya yi wa 'yan Arewa mazauna Jikwoyi, a kan hanyar Nyanya zuwa Karshi a Abuja, jawabi a kan haɗarin shan giya ga mai shan maganin fargaba. Ga abin da ya faɗa, domin amfanin 'yan'uwa da ke neman abinci a Ikko, da Badun, da Fatakwal.

Likitan ya fara da cewa fargaba ciwo ce kamar sauran cututtuka. Mutum ya bar iyali a gida, kuɗin haya na jiransa, barci ya ƙaurace masa, gabansa na ta faɗuwa ba dalili. In ya je asibiti akan ba shi ƙwayar Valium, wadda kamfanin Roche ya fito da ita a 1963, ko kuwa Lexotan. Aikin waɗannan ƙwayoyi shi ne su rage gudun saƙonni a cikin ƙwaƙwalwa, jiki ya saki, hankali ya kwanta.

To, a nan gizo ke saƙa, in ji shi, domin giya ma aikin da take yi ke nan, a wuri guda kuma. Idan suka haɗu, kowace sai ta ƙara wa 'yar'uwarta ƙarfi. Kwalba ɗaya da a da ba ta kayar da mutum sai ta kayar da shi. Harshe ya yi nauyi, ƙafa ta kasa ɗaukarsa, gari ya waye bai san abin da ya aikata jiya ba. Mafi muni kuwa, sashen ƙwaƙwalwa mai kula da numfashi shi ma yakan yi sanyi. Mutum ya kwanta yana minshari, abokan ɗaki su ce barci ne, alhali numfashinsa ne ke raguwa, ko kuma ya yi amai ya shaƙe.

Ya kawo misalin wata budurwa a Amurka, Karen Ann Quinlan, mai shekara 21. A watan Afrilu na 1975 ta suma bayan wani biki inda aka ba da labarin ta haɗa giya da Valium. Ba ta sake farfaɗowa ba, tana kwance har ta rasu a 1985.

Daga nan ya ƙaryata wata dabara da ya ce yana yawan ji, watau a sha ƙwaya da safe, a sha giya da dare. Valium ba ta barin jiki da wuri, ragowarta takan yi kwanaki tana yawo a jini. Ya ja kunnen direbobi da 'yan acaɓa musamman, su da ke ɗauke da rayukan mutane.

Amma inda ya fi daɗewa shi ne maganar kunya. Ya ce yawancin mutanenmu, in likita ya tambaye su ko suna shan giya, sai su ce a'uzubillahi, ko da kuwa suna taɓawa a ɓoye. Likita kuwa ba alƙali ba ne, ba kuma surukinsa ba ne, da amsar da aka ba shi yake zaɓen magani. In ya san gaskiya, yana iya sauya ƙwayar, ko ya fara da maganin shan giyar kanta. Har ila yau akwai wanda bai taɓa shiga gidan giya ba, amma yana sayen jiƙon ɗaci na leda ko na ƙaramar kwalba a tasha, wai maganin basir ko ciwon baya. Da yawan irin wannan jiƙo da barasa ake haɗa shi, saboda haka lalle a karanta abin da aka rubuta a jikinsa, a kuma nuna wa likita.

Ya ƙara da cewa giya ba ta maganin fargaba. Takan lafar da ita na 'yan sa'o'i, in ta sake shi sai faɗuwar gaba ta dawo fiye da da, mutum ya ƙara ƙwaya, ya ƙara kwalba.

Wani dattijo ya tambaya ko ɗansa ya watsar da ƙwayar nan take. Likitan ya ce, "A'a, Baba. Wanda ya daɗe yana shanta, in ya bari rana ɗaya yana iya kamuwa da jijjiga irin ta farfaɗiya. Haka ma wanda giya ta kama sosai. A hankali ake ragewa, a hannun likita."

Game da wanda aka tarar ya haɗa su ya kasa farkawa, ya ce kada a ɗura masa madara ko manja, kada kuma a bar shi a rigingine. A juya shi ta gefe ɗaya, a nemi mota a kai shi asibiti mafi kusa, a tafi da kwalin ƙwayar da ya sha.