Riccardo Giacconi da Hasken da Ido Ba Ya Gani



An nemi mu yi magana a kan rayuwar wani masanin kimiyya, saboda yaranmu da suka ɗauki wannan fanni a makarantun sakandare. Da yake mun daɗe muna koyarwa, mun san yaro ya fi kama labarin mutum a kan labarin lissafi, don haka muka zaɓi mutum guda, wato Riccardo Giacconi, wanda ya buɗe wa duniya ƙofar nazarin taurari da hasken eksire.

Kusan kowa a nan ya san eksire, ko da bai san sunan ba. Shi ne hasken da ake ɗaukar hoton ƙirji ko na karaya da shi a asibiti. Wani Bajamushe mai suna Wilhelm Röntgen ne ya gano shi a 1895. Haske ne kamar wanda muke gani, sai dai ya fi shi ƙarfi nesa ba kusa ba, har yana ratsa tsoka. To, wani abin mamaki shi ne, hasken nan da ke ratsa jikin mutum ba ya iya ratsa iskar da ta lulluɓe duniya, domin kaurinta yana shanye shi tun daga sama. Wannan kariya ce gare mu, amma ga mai nazarin taurari labule ne. Duk wanda yake son ganin eksiren da ke zuwa daga sararin samaniya, tilas ya cilla na'urarsa can sama da iskar.

An haifi Giacconi a birnin Genoa na ƙasar Italiya a 1931, ya tashi a Milan a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Mahaifiyarsa malamar lissafi da kimiyyar fizik ce a makarantar sakandare, kuma mu malamai ba za mu wuce wannan ba tare da mun nuna shi ba. Ya kammala karatu a Jami'ar Milan a 1954, ya tafi Amurka a 1956, ya ɗan zauna a jami'o'in Indiana da Princeton. A 1959 ya kama aiki a wani ƙaramin kamfanin bincike a jihar Massachusetts, inda wani dattijon masani, Bruno Rossi, ya ja hankalinsa ga neman eksire daga taurari.

A wancan lokaci masana da yawa suna ganin aikin ɓata lokaci ne, kuma suna da hujja. Tun 1949 an san rana tana fitar da eksire, amma ɗan kaɗan ne ƙwarai in an gwada da sauran haskenta. In kuwa sauran taurari haka suke, ga kuma nisansu, babu na'urar da za ta iya jin ɗuriyarsu. Lissafin daidai ne. Abin da ba a sani ba shi ne, akwai abubuwa a sama da ba su yi kama da rana ba.

Giacconi da abokan aikinsa sun sami kuɗin aikin ne daga rundunar mayaƙan sama ta Amurka, bisa cewa za su nemi eksire daga wata. Gwaji biyu na farko ba su yi nasara ba. A watan Yuni na 1962 suka sake cilla roka daga White Sands a jihar New Mexico. Na'urar ta yi daƙiƙa 350 kacal a sama da kilomita 80, wato ƙasa da minti shida, sannan ta faɗo. Daga wata ba su ga kome ba. Amma daga wajen burjin Kunama sai ga eksire mai ƙarfin da ba wanda ya taɓa zato, shi ne aka raɗa wa suna Scorpius X-1. Sun kuma lura cewa akwai wani ɗan eksire mai rauni da ke zuwa daga kowace kusurwa ta sama, wanda aka yi shekaru da dama ana neman asalinsa.

Minti shida ba ya isar mai bincike. Tun 1963 Giacconi ya kai wa hukumar NASA tsarin tauraron ɗan'adam da zai zauna a sama yana lura dare da rana. Sai da aka yi shekara bakwai kafin ya tashi, kuma a nan ne nahiyarmu ta shigo cikin labarin. An harba shi ne daga wani dandamali na Italiyawa da ke cikin teku a gaɓar Kenya, kusa da Malindi, saboda wurin yana dab da layin Ikwaita, inda juyin duniya ke ƙara wa roka gudu. Ranar kuwa 12 ga Disamba, 1970 ce, ranar da Kenya ta cika shekara bakwai da samun mulkin kai, shi ya sa aka sa masa suna Uhuru, wato 'yanci da harshen Suwahili. Ya yi aiki har 1973, kuma jerin ƙarshe da aka fitar daga abin da ya gano yana ɗauke da wurare 339 masu fitar da eksire.

Bari mu ɗan tsaya a nan, domin Uhuru ne ya warware sirrin. An ga wani wuri mai suna Centaurus X-3 yana ƙyaftawa duk bayan daƙiƙa 4.8, sannan duk bayan kwana biyu da 'yan sa'o'i sai ya ɓace, ya sake bayyana. Ma'anar wannan ita ce taurari biyu ne suke zagaya juna, babban yana tare ƙaramin lokaci lokaci. Ƙaramin kuwa gawar tauraro ce, wadda ta murƙushe ta dunƙule har faɗinta bai wuce kimanin kilomita 20 ba, alhali nauyinta ya fi na rana. Saboda tsananin ƙarfin janta, sai ta riƙa zuƙo iskar gas daga jikin abokin zamanta. Gas ɗin yana faɗowa yana juyawa kamar ruwa a bakin mazurari, yana gugar juna, har zafinsa ya kai digiri miliyoyi, kuma duk abin da ya yi zafi haka eksire yake fitarwa. Wani wurin kuma, Cygnus X-1, da aka auna nauyin abin da ke zuƙar, sai aka tarar ya fi ƙarfin irin waccan gawa. Shi ne abu na farko da masana suka yarda cewa baƙin rami ne, wato wurin da ko haske in ya faɗa ba ya fitowa. Kafin haka, baƙin rami a takarda kawai yake.

Abin da ya fi burge mu a aikin mutumin nan shi ne maganar madubi. Uhuru yana ƙirga eksire ne kawai, ba ya ɗaukar hoto, domin madubi irin wanda muka sani ba ya mayar da eksire, shanye shi yake yi. Amma tun 1960 Giacconi da Rossi suka rubuta yadda za a yi. Yaranmu sun san in ka jefa tsingaro tsaye cikin kududdufi nutsewa yake yi, in kuwa ka wurga shi a kwance sai ya riƙa tsalle a kan ruwa. Haka eksire yake: in ya zo a kaikaice ya shafi madubi, sai ya karkata zuwa inda ake so. Saboda haka madubin ya zama kamar ganga mai santsin ciki. An fara gwada dabarar a kan rana, amma sai a 1978, shekara 18 bayan rubutun, aka harba na'urar hangen nesa mai suna Einstein don ɗaukar hotunan taurari masu nisa. Babbar kuwa, wadda shi da Harvey Tananbaum suka nema a 1976, ba ta tashi ba sai 1999, da sunan Chandra. Yana ɗan shekara 28 ya zana dabarar, yana dab da 68 ya ga cikarta. Da Chandra aka tabbatar cewa mafi yawan wancan eksire mai rauni na 1962 yana fitowa ne daga manyan baƙaƙen ramuka da ke tsakiyar garken taurari masu nisa, kuma Giacconi da kansa ya jagoranci ɗaya daga cikin binciken.

A tsakanin waɗannan shekaru ya riƙe shugabanci. A 1981 ya zama daraktan farko na cibiyar da ke kula da ayyukan kimiyya na na'urar Hubble a birnin Baltimore, daga 1993 zuwa 1999 kuma ya shugabanci hukumar nazarin taurari ta ƙasashen Turai, wadda a zamaninsa take gina manyan na'urorin hangen nesa a ƙasar Chile. An ce mutum ne mai kafiya, ba ya tauna magana, kuma ba kowa ke jin daɗin zama da shi ba. Amma a ganinmu babbar gudummawarsa a nan take. A da, wanda ya ƙera na'ura shi da jama'arsa ke cin moriyarta. Tun daga Einstein ya buɗe ƙofa ga masanan da ba su cikin ayarinsa su nemi lokaci su yi nasu binciken, a Hubble kuma aka tsara cewa bayan shekara guda, abin da aka gano ya shiga taskar da kowa zai iya ɗiba. Yau ɗalibin da ke da kwamfuta da intanet yana iya sauko da bayanan Hubble da Chandra kyauta, ko a wace ƙasa yake.

A 2002 aka ba shi rabin kyautar Nobel ta fizik, ɗaya rabin kuma Raymond Davis da Masatoshi Koshiba suka raba. Ya rasu a San Diego a watan Disamba na 2018 yana da shekara 87. Chandra kuwa ta cika shekara 25 a sama a 2024 tana aiko da hotuna.